Garayar da ta biyo Bashira Kuala Lumpur

Bashira Ɗayyabu tana da shekara arba'in da biyu. Malama ce a wata kwalejin ilimi a jihar Kano, kuma shekararta shida ke nan a Kuala Lumpur, inda ta yi digiri na biyu, yanzu take kan na uku a fannin adana abinci, bisa tallafin asusun ilimi na gwamnati. Tana zaune a wani dogon bene a unguwar Sri Petaling, ita da 'yarta tilo, Fatimatuzzahra, wadda kowa ke kira Zahra. Mijinta, Malam Yahuza, yana Kano yana koyarwa, sai hutun ƙarshen shekara yake zuwa. Ranar Asabar da safe takan tara yaran 'yan Najeriya a falonta ta koya musu Alƙur'ani da azkar.

A unguwar an san ta da daddawar waken suya da take haɗawa, tunda babu kalwa a ƙasar. An kuma san ba ta zuwa biki ko suna idan an ce za a saka kiɗa. Mutane sun ɗauka riƙon addini ne. Akwai shi, amma ba shi kaɗai ba ne.

Mahaifiyarta, Habiba, 'yar bori ce. An yi mata girka tun kafin a haifi Bashira, a wani ƙauye da ke kudancin Kano wanda Bashira ta roƙi kada a ambaci sunansa. Sunan iskar da ke hawan uwar ma ba ta yarda ta faɗa ba. Abin da ta yarda ta bayyana shi ne yadda ake yi. Kowace iska tana da takenta. Mai garaya zai zauna a tsakar gida, mata suna buga ƙwarya, ya kama taken ya yi ta maimaita shi, ba gaggawa, har sai ta zo. Idan ta zo, Habiba takan daina motsi, idanunta su kafe, sai ta yi sama ta faɗo zaune daɓas a ƙasa, ta yi magana da muryar da ba tata ba. Nan take a lulluɓe ta da wani baƙin zane mai ratsin fari, wanda ba a fito da shi daga adaka sai irin wannan rana. Idan iskar za ta tafi, sai Habiba ta yi atishawa sau uku, ta ɗago tana neman ruwa, ba ta san abin da ya faru ba.

"Ni ce mai riƙe ruwan," in ji Bashira. "Tun ban kai shiga firamare ba."

A gidansu ta wajen mata abin yake bi. Kakarta ta yi, uwarta ta yi. Da Bashira ta fara zama budurwa ta yi wata doguwar jinya, tsofaffin gidan suka ce lokacinta ne ya zo, a yi mata girka. Mahaifinta tela ne, ba ya cikin harkar. Ya ƙi, ya kai ta asibiti, da ta warke ya sa ta makarantar kwana. Can aka riƙa kiranta 'yar mai bori har ta gama. Ba ta sake kwana a ƙauyen ba sai da uwar ta rasu a 2003, kuma kafin ta baro garin ita da hannunta ta ƙone baƙin zanen a bayan gida. Zahra tana ƙarama a lokacin. Abin da aka gaya wa yarinyar har ta girma shi ne kakarta mai sayar da maganin gargajiya ce. Bashira ta ƙudura a ranta cewa abin nan a kanta zai tsaya, ba zai kai ga 'yarta ba. Shi ya sa da karatu ya fito ta nace sai da Zahra za ta tafi, duk da dangin Yahuza sun so a bar musu ita.

Fiye da shekara biyar babu abin da ya faru. Zahra ta shiga makaranta, ta yi ƙawaye 'yan Malesiya da Sinawa. Hausa tana jin ta sarai, amma da Turanci take amsawa, tana liƙa "lah" a ƙarshen magana kamar 'yan ajinsu.

A watan Satumba na 2015 hayaƙin gobarar daji ya taso daga Indonesiya ya rufe birnin. Rana ta koma wani jan faifai da ake iya kallo da ido, dogayen benaye suka ɓace daga tsakiyarsu zuwa sama, ana rufe makarantu ana buɗewa. A cikin wannan yanayi, wata Lahadi da hantsi, Bashira da Zahra suka shiga kantin mamak na bakin layinsu, ɗaya daga gidajen abincin Indiyawa Musulmi, don su sayi roti, wata irin gurasarsu, su tafi da shi gida. Talabijin na jikin bango yana nuna ƙwallo. Aka tafi talla. Hoton ya yi baƙi, sai aka ji tsirkiya biyu na garaya suna magana a hankali, da ƙwarya a ƙarƙashinsu.

Ledar rotin da ke hannun Bashira ta faɗi. Ta ce wuyanta ne ya yi nauyi. Kafin ta gama juyowa, jita da ganguna sun rufe garayar, wata Baturiya mai dogon baƙin gashi tana rera waƙa da siririyar murya, ana nuna sunayen birane.

"Mama, lafiya?" Zahra ta tambaya tana tsince rotin.

"Wannan kiɗan na mene ne?"

"Su ne masu zuwa wasa a zauren Bukit Jalil wata mai zuwa lah. Tsohuwar waƙarsu ce, tun ba a haife ni ba. Farkon nan ya fi ko'ina daɗi."

"A ina kika san ta?"

"Tana wayata. Rabin ajinmu suna da ita."

Makaɗan wata ƙungiya ce daga arewacin Turai. Irin kiɗansu shi ne a haɗa jita mai ƙarar tsawa da manyan ganguna, a ɗora musu gogen Turawa masu yawa da 'yan amshi, mace ɗaya tana jan waƙa a sama. Sun cika shekara ashirin da kafuwa, shi ne suka fito zagayen duniya suna bin tsofaffin waƙoƙinsu tun daga na farko, har da waɗanda suka daɗe da ajiyewa. Wannan mai farawa da garaya tana cikin waɗanda aka tono. A wata tsohuwar hira da Zahra ta nemo wa uwarta a intanet, mai fiyanon ƙungiyar ya ce yana saurayi ya tsinci wani kaset a shagon kayan gwanjo, ba komai a jikinsa sai sunan Najeriya da biro. Ya yanko ɗan guntu ya sa a farkon waƙar saboda ya ji yana tayar masa da tsigar jiki. Ya ce bai san abin da ake kaɗawa ba, kuma bai taɓa samun wanda ya sani ba.

Washegari, Zahra tana makaranta, Bashira ta kira ƙauye. Akwai ƙanwar mahaifiyarta, Iya Hajjo, wadda a da tana cikin masu buga ƙwarya. Ba ta da waya, sai an kai mata ta maƙwabta.

"Yau ke ce da kiran sassafe?" in ji tsohuwar. "Ko Malesiyar ce ta kama da wuta?"

"Saura kaɗan, Iya. Ki ɗan saurari wani abu."

Bashira ta kara wayar a jikin kwamfuta, ta kunna, ta toshe kunnenta ɗaya da yatsa. Da ta mayar da wayar kunne sai ta ji shiru.

"Iya?"

"Kin kashe?"

"Na kashe."

"Hannun Ahmadu ne. Shi kaɗai ke jan tsirkiya ta biyu haka, kamar yana jin kunyarta. Shi ke yi wa uwarki kiɗa."

"Yaya aka yi ya kai hannun Turawa?"

"An yi wani Bature da ya zo da akwati mai zare yana ɗaukar murya. Ya sha fura har ta ɓata masa ciki, muka yi ta dariya. Kina goye lokacin."

"Akwai muryar mace a ƙarshe, Iya. Kamar nishi."

"Na ji."

"Ta wace ce?"

"Na ce miki na ji."

Bashira ta gaya mata yadda jikinta ya mutu a kantin. Tsohuwar ta yi 'yar dariya.

"Ke tsoro ne. Tun kina riƙe ruwa haka kike, hannunki na rawa kina zubar mana da rabi. Wanda ake so ba tsoro yake ji ba, daɗi yake ji. Ina 'yar Turancin taki? Ita me ta ce da ta ji?"

Bashira ta ce layin ba shi da kyau, ta kashe wayar.

Makonnin da suka biyo baya tallan ya cika gari. Yana talabijin ɗin kantuna, yana allon tashar jirgin ƙasa na cikin gari, yana fitowa daga motocin samari a bakin danja. Bashira ta daina shiga kantin mamak. Ta koma hawa bas zuwa jami'a, duk da ya fi jirgi ɓata lokaci. Ta karɓi wayar Zahra ta goge waƙar, ta ce kiɗan shaiɗanu ne. Yarinyar ba ta yi musu ba. Amma da daddare wajen cin tuwo Bashira takan ga yatsun Zahra suna buga gefen kwano, ba tare da ta sani ba, kuma bugun na ƙwarya ne, ba na gangunan Turawa ba.

Sai ga gayyata. Zahra tana da ƙawa 'yar Malesiya, Nurin, wadda mahaifinta yake aiki da kamfanin da ya shirya wasan. Ya samo wa yaran izinin shiga, ko wasan dare, ko gwajin sauti da ake yi da rana kafin a buɗe ƙofa ga jama'a.

"Ba za ki ba," in ji Bashira.

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Mama, Nurin ma da ɗankwalinta za ta je. Babanta alhaji ne. Hukuma ta duba waƙoƙin kaf kafin ta ba su izini. Ke da kike cewa kome sai da hujja, ina hujjar?"

"Ni kike tambaya hujja?"

"Tambaya ce kawai lah."

Hujjar tana nan, amma faɗarta yana nufin a gaya wa yarinyar wace ce kakarta, kuma Bashira ta yi imani cewa rashin sanin yana cikin abin da ke kare ta. Zahra ta daina magana a gidan. Ta kira babanta a Kano ta kai ƙara.

Malam Yahuza ya san tarihin surukarsa tun kafin aure, bai taɓa ɗaukarsa da nauyi ba. "Malama," ya ce wa matarsa, "kaset ne fa. Ahmadun nan ya daɗe a ƙasa. Kin haye teku, kin kusa zama dakta, kina gudun kaset? Yarinyar nan ta kai sha biyar. In kika hana ta ba dalili, wata rana za ta je ba ki sani ba. Ki raka ta, ki tsaya a gefenta, ku dawo."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ta. Makarantu a rufe suke a makon saboda hayaƙi, ita kuma tana wuni a ɗakin gwaje-gwaje, zauren wasan kuwa da ƙafa ma ana zuwa daga gidansu. Ta zauna ta auna. Wasan dare yana da duhu, da dubban mutane, da fitilu masu walƙiya. Na rana kuwa mutane kaɗan ne, fitila a kunne, kuma garayar ba ta kai minti ɗaya ba a farkon waƙa guda. Ta ga na rana ya fi sauƙi. Ba ta taɓa zuwa gwajin sauti ba, ba ta kuma tambayi kowa yadda ake yin sa ba.

Ranar ta kama Asabar. Bashira ta sallami yaran karatu da wuri, ta yi azahar, ta karanta duk abin da ta sani ta tofa a hannu ta shafe Zahra da shi, yarinyar tana ƙunƙuni tana cewa za a ɓata mata ɗaurin ɗankwali. Ta saka gorar ruwa a jaka. Ta ce sai da suka kai rabin hanya ta lura da abin da ta ɗauko.

Zauren babba ne, kujeru a jere har sama ba kowa a kansu. Baƙin da aka bari suka shiga ba su da yawa, an tsayar da su a bayan wani shingen ƙarfe a tsakiyar fili. Makaɗan suna cikin kayan gida. Mai waƙar tana sanye da rigar sanyi, da kofin shayi a hannu, tana tari saboda hayaƙin. Mai ganga, wani ƙato mai furfura a gemu, yana cin ayaba. Bashira ta ce da ta gan su haka hankalinta ya ɗan kwanta, don sun fi kama da ma'aikatan gyaran lantarki. Suka taɓa waƙa biyu, kowace a yi rabi a tsaya. Lasifikokin an rataye su daga rufi, kowane jeri ya fi tsayin ɗaki, idan aka buga babbar ganga sai ka ji ta a ƙirjinka.

Sai aka zo kan tsohuwar waƙar. Garayar ta fito daga sama, ta cika zauren, ƙwaryar tana bugawa har a tafin ƙafa. Bashira ta kama hannun Zahra. Aka kai wajen nishin matar, jita ta shigo, sai mai fiyano ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ya yi magana da wani mai kula da na'urori a can baya. Tsohon kaset ne, sautinsa bai zauna daidai da sauran kayan ba. Aka mayar da shi farko.

Haka ake gwajin sauti. Duk inda bai yi ba, nan ake tsayawa a yi ta maimaitawa har sai ya yi. Aka saka garayar, aka tsayar, aka sake sakawa. Aka rage ƙwarya, aka ƙara tsirkiya. Daga baya mai na'urar ya bar guntun yana juyawa shi kaɗai, yana ƙarewa yana komawa farko, shi kuma yana zagaya zauren yana saurare daga kowace kusurwa. Makaɗan suka ajiye kayansu suna hira. Ba abin da ke tashi a wurin sai hannun Ahmadu, yana kama taken yana maimaitawa, ba gaggawa.

"A nan na gane abin da na yi," in ji Bashira. "Da dare sau ɗaya za a kaɗa. Ni na kawo ta inda ake kaɗawa yadda ake yi a gidanmu."

Ta ja hannun yarinyar ta ce su tafi. Hannun bai biyo ta ba. Zahra tana tsaye ƙyam, idanunta a kan wani wuri sama da dandamalin inda babu kowa. Nurin ta taɓa kafaɗarta tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Abin da ya biyo baya mutum uku sun gani, kuma bakinsu ya zo ɗaya: Nurin, da mahaifinta, da wani mai gadi. Zahra ta ɗan yi sama, ta faɗo zaune a kan siminti, ƙafafu a miƙe, da ƙarfin da ya sa mai gadin ya ɗauka ƙashinta ya karye. Ba ta yi kuka ba.

Bashira ta cire mayafinta ta lulluɓe ta, ta durƙusa. Abin da aka faɗa a ƙarƙashin mayafin ita kaɗai ce shaida. Nurin ta ce ta ji murya mai kauri tana magana da wani yare, amma ba ta jin Hausa. Bashira ta ce da Hausar ƙauyensu aka yi maganar, irin wadda Zahra ba ta taɓa zama cikinta ba, kuma da sunanta aka kira ta, abin da 'yarta ba ta taɓa yi ba.

"Bashira," aka ce, "kin yi nisa."

Mahaifin Nurin ya ruga ya sa aka kashe sautin. Zauren ya yi tsit. Can sai aka ji atishawa daga ƙarƙashin mayafin, sau uku. Zahra ta yaye shi da kanta, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ce da Turanci ƙishirwa take ji. Bashira ta miƙa mata gorar. Rabin ruwan a ƙasa ya zube.

Ma'aikatan lafiya na zauren suka duba ta. Suka ce ba ta ci abin kirki ba tun safe, ga zafi, ga hayaƙi, ga ƙara, kuma a makon nan yara da yawa sun faɗi a makarantu. Atishawa kuwa, in ji ɗayansu, duk garin ake yin ta. Mai waƙar ta sauko ta ba Zahra alewa, ta ba Bashira haƙuri. An yi wasan da daddare kamar yadda aka tsara, jaridu suka yaba, bayan kwana biyu ƙungiyar ta wuce wata ƙasar. Aka sauke tallan daga tashoshi. Da damina ta kankama hayaƙin ma ya tafi.

Bashira ta kai Zahra asibitin jami'a. An ɗauki hoton kai, an auna jini, an gwada ta ko farfaɗiya ce, ba a sami kome ba sai ƙurjewa a ƙugu. Ta kai ta wajen wani malami a unguwar Kampung Baru da ke yin ruƙiyya. Ya yi karatu mai tsawo a kanta, yarinyar tana zaune lafiya, har ta yi hamma ta nemi afuwa. Ya ce bai ga alamar kome ba, a ci gaba da azkar. Zahra ba ta tuna abin da ya faru. Ta ce ta san ana kaɗa wajen da take so, sai kuma ta ga mayafin Mama a kanta. Abin da ya fi damunta shi ne kunyar da ta sha a gaban Nurin. Malam Yahuza ya ce alhamdu lillahi, yunwa ce, a riƙa ba ta karin kumallo.

Iya Hajjo ce kaɗai ba a gaya wa ba, sai ita ta sa aka kira.

"Shiru na ji ya yi yawa," ta ce. "Yaya yarinyar?"

Bashira ta faɗa mata duka. Tsohuwar ba ta yi mamaki ba, ta tambaya ko an ba ta ruwa.

"An ba ta."

"To madalla. Yanzu ki nemi zanen."

"Iya, na ƙone shi. Kin sani."

"Wanda kika ƙone na uwarki ne. Ki sayi sabo, baƙi mai ratsin fari. Ban ce ki yi girka ba, wa zai yi miki girka a can? Ki ninke ki ajiye cikin kayanta, a san an ji. In an san an ji, akan yi haƙuri shekaru."

"In ba a ajiye ba fa?"

"Sai a sake tambaya. Ba kullum ake tambaya a gaban uwa ba."

"Iya, wannan shirka ce. Ni nake koya wa yaran mutane cewa babu mai kare bawa sai Allah."

"Ni ma ina salla, 'yar nan. Na faɗa miki abin da na sani ne."

Bashira ta ƙi. Ta riƙe wannan matsayi har ƙarshen shekara, kuma ko yanzu idan aka tambaye ta, cewa take ƙyalle ba ya hana kome, ba ya jawo kome. Ta ƙara yawan karatu a gidan. Ta daina barin Zahra ta hau jirgi ita kaɗai, abin da ya jawo sabon faɗa, don makarantar yarinyar sai an sauya jirgi, ga dandamalin tasha ba shinge tsakaninsa da layin dogo. Bashira ba ta faɗi abin da take hangowa ba. Kullum da safe takan raka ta har ƙofar makaranta, sannan ta wuce jami'a a makare. Malamin da ke duba aikinta ya fara tambaya ko lafiya.

Zahra tana nan lafiya, tana cin abinci, ta ci jarrabawarta. Ba ta sake faɗuwa ba. Abu biyu ne kawai suka sauya, kuma duka ƙanana ne. Ta fi yin shiru fiye da da. Sannan wani lokaci, idan uwar ta kira ta daga kicin, takan amsa da Hausa. Maƙwabta sun yaba, sun ce yarinya ta fara hankali. A farkon watan nan Bashira ta dawo daga jami'a da la'asar ta tarar da ita zaune a tsakiyar falo a kan tayil, ƙafafu a miƙe, ba waya a hannunta, ba littafi, talabijin a kashe. Ta tambaye ta me take yi. Zahra ta ce ba kome, ƙasan ne ya fi sanyi.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan ta sallami yaran karatu, Bashira ta hau jirgi ita kaɗai ta sauka a tashar Masjid Jamek, ta taka zuwa layin 'yan yadi na Jalan Masjid India. Ta shiga shago ya fi biyar tana sa ana sauko mata da bandir tana mayarwa, wannan ratsin ya yi faɗi, wancan baƙin ya yi haske. A wani ƙaramin shago na wani tsoho Ba'indiye ta sami wanda ta tsaya a kansa. Ya tambaye ta ko riga za ta ɗinka, ta ce labule. Ya ce in labule ne wannan awon ba zai isa taga ba. Ta ce ya yanka haka.

Ba ta gaya wa Malam Yahuza ba, ba ta kira Iya Hajjo ba. Da ta dawo gida Zahra tana wajen Nurin. Ta jawo akwatin yarinyar daga saman kabad, ta fitar da kayan sanyin da ke ciki, ta ninke zanen ta shimfiɗa a can ƙasa, ta mayar da kayan a kansa yadda suke. Sannan ta yi alwala ta tayar da sallar la'asar.